Yadda Ake Gasa Sikon Mai Kiranberi Da Ɓawon Lemo A Gida

Hannun da ya saba da kwaɓin fanke da burodi shi ya fi saurin ɓata sikon. Waɗancan suna son bugu da murza har sai kwaɓi ya yi danƙo. Sikon kuwa da kin matsa masa sai ya fito da tauri, a riƙa kora shi da shayi don dole. Abu biyu yake nema a wurinki, uwargida: bota mai sanyi ƙarara, da hannun da ya san lokacin tsayawa. In kin riƙe waɗannan, sauran aikin ba shi da wahala, kuma daga ɗauko kwano zuwa sauke tire zai ɗauki wajen awa ɗaya da rabi.

Ga wadda ba ta taɓa ci ba, sikon abin gashi ne na mutanen Birtaniya, yana tsakanin burodi da kek. Ba shi da zaƙin kek, ba shi da danƙon burodi. Bayansa da ɗan ƙaras-ƙaras, cikinsa da laushi, kuma da hannu ake ɓare shi gida biyu. Asalinsa daga Sikotlan ne, inda a da a kan kasko ake gasa shi. Bai zama mai tashi da kumburi irin na yau ba sai da aka samu bekin fauda, wadda Alfred Bird, wani mai haɗa magunguna a Birmingham, ya haɗa a 1843 saboda jikin matarsa ba ya karɓar yis. A wajajen lokacin ne kuma al'adar shan shayin la'asar ta fara yaɗuwa a gidajen manyan Ingila, sikon ya samu gurbi a kan teburin, har yau bai sauka ba.

Iri biyu ne suka fi shahara. Na Ingila zagayayye ne, sukarinsa kaɗan, don da jam da kirim ake cinsa. Na Amurka mai kusurwa uku ne, ya fi bota, ya fi sukari, ana cusa masa 'ya'yan itace, a yaryaɗa masa aisin, wato damammen garin sukari, a sama. Wanda za mu yi ya fi kusa da na Amurka, kuma dole ya zama haka, domin kiranberi ɗan can ne. Wani ɗan ƙaramin ɗan itace ne ja mai tsananin tsami, ana noma shi a Wisconsin da Massachusetts da Quebec ta Kanada. Idan ya nuna, daga Satumba zuwa Nuwamba, sai manoma su cika gonar da ruwa, su kakkaɓe shi, ya taso saman ruwa saboda iskar da ke cikinsa, su tattara. Amurkawa sun daɗe suna haɗa shi da lemo, musamman a ɗan romon da suke ci da talo-talo ranar bikin godiyarsu a watan Nuwamba. Tsamin ɗaya da ƙamshin ɗayan sun dace da juna.

A wajenmu busasshe ake samu, a leda, a manyan kantuna da shagunan kayan kek. Shi an riga an jiƙa shi da sukari kafin a busar, shi ya sa ake iya cinsa haka nan.

Kayan haɗi, na guda 8

- Fulawa giram 300 (kofin awo 2 da rabi, ba a danna ba)
- Sukari giram 60 (babban cokali 5)
- Bekin fauda babban cokali 1
- Bekin soda kwatan ƙaramin cokali
- Gishiri rabin ƙaramin cokali
- Bota giram 100
- Ƙwai 1
- Kindirmo ko yogot mara sukari, rabin kofi (mililita 120)
- Busasshen kiranberi giram 100
- Lemon zaƙi 2
- Sukarin aisin giram 100, in kina son ado a sama

In kina da sikeli, ki auna da shi. Kofi yana yaudara: wata ta ɗebi fulawa a sake, wata ta danna, sai a samu bambancin da zai busar da kwaɓi. In kofin ne kawai a hannunki, ki zuba fulawar cikinsa da cokali, ki share bakinsa da bayan wuƙa.

Kafin komai ki gwada bekin faudarki. Ki zuba rabin ƙaramin cokali a ɗan ruwan zafi. In ta yi kumfa nan take tana shuu, da ranta. In ta kwanta shiru, ta mutu, ki sayo sabuwa. Damina na kashe ta da wuri in gwangwanin ba ya rufuwa da kyau, kuma sikon ba shi da wani abin da zai ɗaga shi bayan ita. In kuma fulawar da kika saya irin wadda aka riga aka haɗa da bekin fauda ce, kada ki ƙara wata.

Maganar bota

A nan zan daɗe, domin a nan ake cin nasara ko a faɗi. Bota ta gaskiya, wato ta madarar shanu, kashi 16 zuwa 18 cikin 100 nata ruwa ne. Idan ƙananan gutsattsarinta suka shiga oben a daskare, zafi ya same su farat ɗaya, sai ruwan nan ya zama tururi, ya ɗaga kwaɓin da ke kewaye da shi, ya bar 'yan ramuka da faifai-faifai a ciki. Idan kuwa ta narke tun a kwano, fulawa ta shanye ta, babu abin da zai ɗaga komai. Sikon zai baje a tire, ya fito da nauyi da maiƙo.

Matsalar ita ce bota na narkewa tun daga wajen digiri 32 zuwa 35, jikin ɗan Adam kuwa 37 ne. Tafin hannunki kaɗai ya isa ya narkar da ita, balle a ce watan Afrilu ne a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafi ke haura 40, ga kicin da murhu a kunne. Waɗanda suka ƙirƙiro sikon ba su san wannan damuwa ba, sanyin ƙasarsu ke yi musu rabin aikin. Mu sai mun yi dabara. Lokacin hunturu shi ne ya fi dacewa, ga shi a lokacin lemo ya cika kasuwa da araha. In bazara ce, ki yi aikin bayan sallar asuba ko da daddare.

Ki sa botar a firiza aƙalla minti 30. Ki sa kwanon haɗin ma, in na ƙarfe ne ya fi, da kindirmon da ƙwan a firji. In babu wuta, kula mai ƙanƙara a ciki ta wadatar: ki ƙulle botar a leda ki binne ta a ciki.

In bota ta yi tsada, majarin na gashi mai tauri, wanda ake sayarwa a dunƙule, zai yi, sai dai ɗanɗanon ba zai kai ba. Wanda nake hana ki shi ne mai laushin nan na roba da ake shafa wa burodi. An yi shi ne don ya zauna da laushi ko a firji, ba zai daskare yadda muke so ba. Man shanu soyayye ma ba na wannan aikin ba ne, suya ta riga ta kore ruwansa. Ɗanyen man shanu fari na Fulani yana yi in an wanke shi da ruwan sanyi an daskarar, amma ƙamshinsa na da ƙarfi, yana danne na lemo. Ni dai ban fi son shi a nan ba.

Farko: lemo da kiranberi

Ki wanke lemon da ruwan ɗumi, ki goge. Na kanti da ake shigowa da shi daga Masar ko Afirka ta Kudu yakan zo da ɗan kakin da aka shafa masa don ya daɗe, shi ya sa wankin ɗumin. Ki goga ɓawon a ƙananan ramukan magogi, sama-sama, fatar mai launi kawai. Da kin ga fari ya leƙo ki juya wani gefen, don farin nan ɗaci ne zalla. Lemonmu na gida, irin na Binuwai, sau da yawa kore yake ko da ya nuna, saboda dararenmu ba su da sanyin da ke juya launin fatar. Ruwansa ba laifi, amma ɓawon koren ya fi ɗaci, don haka ki zaɓi waɗanda suka fi yin rawaya, ki kuma sassauta hannu. Ɓawon tanjarin ma na da ƙamshi mai kyau in kin haɗa.

Ki zuba gogaggen ɓawon a cikin sukarin, ki murtsuke su da yatsu kamar minti ɗaya. Sukarin zai ɗan jiƙe, ya sauya launi, ƙamshi ya tashi. Ƙamshin lemo a man da ke fatarsa yake, ƙwayoyin sukari ne ke fasa shi ya fito. Wannan ɗan aikin ya fi duk wani filebo na kwalba.

Sai ki matse ruwan lemon ki tace. Ki ɗebi babban cokali 4, ki ɗan ɗumama, ki jiƙa kiranberin a ciki minti 10 zuwa 15. In ƙwayoyin manya ne ki daddatsa su biyu. Amfanin jiƙon biyu ne: ba zai zuƙe ruwan kwaɓinki ba, kuma wanda ya leƙo waje ba zai ƙone ya yi tauri ba. Ki tsame, ki baza a faranti ya tsane ya huce sarai. Ruwan da ya rage kada ki zubar, ki sa shi a firji, cikin kwaɓi zai koma. Sauran ruwan lemon kuma ki ajiye don aisin.

In ba ki samu kiranberi ba, mutane kan ce a sa zabibi. Zai yi, amma zabibi zaƙi ne kawai, abin da ake nema kuwa tsami ne. Wanda ya fi kusa da shi yana nan a kasuwarmu: zoɓorodo. Har a kudancin Amurka, a Florida, an daɗe ana dafa shi a madadin kiranberi. Ki ɗebi cikin hannu biyu na busasshe, ki wanke shi sosai saboda yashi, ki tafasa minti 10, ki tace ruwan ki yi abin sha da shi. Ganyen da ya yi laushi ki cire masu tauri, ki yayyanka ƙanana, ki mayar tukunya da sukari babban cokali 4 da ɗan ruwa kaɗan, ki riƙa juyawa a ƙaramar wuta har ruwan ya ƙafe ya yi sheƙi. Ki baza ya huce. Shi ba sai an jiƙa shi da ruwan lemo ba.

Haɗa gari da bota

Ki tankaɗe fulawa da bekin fauda da soda da gishiri a kwanon nan mai sanyi. Ki zuba sukarin mai ɓawon lemo, ki juya ko'ina ya samu. Sodar ba don ado aka sa ta ba: kindirmo da ruwan lemo duka masu tsami ne, ita ke kashe kaifin tsamin, ta ƙara tashi, ta kuma taimaka wa bayan ya yi launi. Amma kwatan cokali ne, in kin wuce za ki ji ɗanɗanon sabulu.

Yanzu ki ɗauko botar daga firiza. Hanyar da ta fi sauƙi a ƙasar zafi ita ce ki goga ta a manyan ramukan magogi kai tsaye cikin fulawar, kina riƙe da ita ta takardarta don kada hannunki ya taɓa ta. Kina gogawa kina ɗan watsa mata gari don kada ta cure wuri ɗaya. In kin gama, ki ɗauraye hannunki da ruwan sanyi, ki goge, sannan ki shiga da kan yatsu kawai. Ki ɗaga garin sama, ki ɗan murza tsakanin babban yatsa da sauran, ki saki ya zube. Kada tafin hannu ya shiga.

Ki tsaya a lokacin da garin ya yi wara-wara kamar dambu, kina kuma ganin 'yan gutsattsarin bota nan da can. Ganinsu ba alamar aiki bai ƙare ba ne, su ake so. Duk wannan bai kamata ya wuce minti 2 ko 3 ba. In kin ji garin ya fara maiƙo yana manne wa yatsu, ki dakata, ki mayar da kwanon firiza minti 10, ba abin da zai lalace.

Ki zuba kiranberin da ya huce, ki juya da cokali har gari ya lulluɓe kowace ƙwaya.

Ruwa: kaɗan-kaɗan

A wani ƙaramin kwano ki kaɗa ƙwai da kindirmo da babban cokali 2 na ruwan lemon da kika sanyaya. Turawa da wata tsamammiyar madara suke yi, kindirmonmu kuwa ya tsaya a gurbinta daidai. Ki nemi mai kauri wanda ba a tsinka da ruwa ba. In babu, ki dama madarar gari da ruwa ta kai rabin kofi, ki matsa mata lemon tsami babban cokali 1, ki bari minti 10 ta tsinke. Madarar gwangwani ta ruwa ma tana yi ba tare da an tsamar da ita ba, sai dai in ita ce ki cire soda daga lissafi.

Ki rage babban cokali 2 na haɗin a gefe, na shafe sama ne. Ki yi rami a tsakiyar garin, ki zuba mafi yawan sauran, ki juya da cokali mai yatsu ko wuƙar tebur, kina jawo gari daga gefe zuwa tsakiya. Ba a zuba ruwan duka lokaci guda, domin fulawa ba ta shan ruwa iri ɗaya kullum. A hunturu ta bushe, tana iya shanye duka har ta nemi ƙarin cokali. Da damina kuwa ta riga ta sha laima, sai ki ga an rage.

Ga yadda za ki gane ya isa. Kwaɓin zai yi kaca-kaca, guntu-guntu, da ɗan busasshen gari a ƙasan kwano. Ki damƙi kaɗan a hannu. In ya haɗe bai warware ba, ya yi. In ya zube, ki ƙara cokali ɗaya. Idonki zai ce miki bai kwaɓu ba, hannunki zai so ya shiga ya murza shi ya yi sumul. Kada ki biye musu. Fulawar alkama da ta haɗu da ruwa, duk juyin da aka yi mata danƙo take ƙarawa. Danƙon nan shi ke riƙe burodi, shi ne kuma ke taurara sikon.

Ninki da yanka

Ki barbaɗa ɗan gari a tebur ko faranti mai faɗi, ki juye kwaɓin. Ki tattara shi da hannu biyu, ki daddanna a hankali ya yi faɗi, kaurinsa kamar yatsu biyu. Ki ɗago gefe ɗaya ki ninka zuwa tsakiya, ki ɗago ɗayan ki rufa a kai. Ki juya shi, ki sake daddannawa, ki sake ninkawa haka. Sau 2 ya isa, in ya yi yawa 3. Ninkin nan na jera botar hawa-hawa, shi ke sa in an ɓare sikon ya rabu da kansa. Za ki ga busasshen garin da ya dame ki ɗazu ya shige ciki.

Sai ki mayar da shi zagayayye, faɗin santimita 18 zuwa 20, kauri santimita 3 ko ƙasa da haka kaɗan. Ba a bi ta kansa da abin murji. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a baza shi ya yi siriri don a samu guda da yawa. Sikon ba ya ninka kansa sau uku a oben, wanda ya shiga a fyaɗe a fyaɗe zai fito.

Ki shafa wa wuƙa mai kaifi gari, ki raba shi biyu, ki raba huɗu, ki raba takwas. Ki danna wuƙar ƙasa sau ɗaya, kada ki yi ta gurzawa gaba da baya. In zagayayye kike so irin na Ingila, ki yi amfani da abin yanka ko gwangwanin madara da aka cire wa kai da gindi, ki danna ki ɗago ba tare da kin murɗa ba. Murɗawa na liƙe gefen, sai ya tashi a karkace. Ragowar kwaɓin ki haɗa shi a hankali ki sake yanka, amma ki san na biyun ba za su kai na farko laushi ba. Wannan na cikin dalilan da na fi son mai kusurwa uku: babu ragowa.

Ki jera su a tire mai takardar gashi, ko wanda aka shafa wa mai aka barbaɗa gari, da tazarar yatsu biyu a tsakani. Duk kiranberin da ya fito tsirara a sama ki ɗan tura shi ciki. Ki sa tiren a firji minti 20 zuwa 30, ko firiza minti 15. A ƙasar sanyi wasu na tsallake wannan, a nan ba a tsallake shi.

Gashi

Suna cikin firji ki kunna oben, ya yi zafi tun kafin su shiga: digiri 200, ko 180 in mai fanka ne, ko lamba 6 a na gas mai lambobi. Da yawa daga obenmu na gas ba su da ma'aunin da za a dogara da shi. Tsohuwar dabara ita ce ki barbaɗa ɗan fulawa a faranti ki sa a ciki. In ta yi ja sosai cikin minti 5 ba ta yi baƙi ba, zafin ya kai. In har lokacin fara ce, ki ƙara jira. Oben mai sanyi-sanyi narkar da bota yake yi a hankali ta tsiyaye ƙasa kafin kwaɓi ya kama jikinsa.

Ki fito da tiren, ki shafa haɗin ƙwan da kika rage a samansu kawai. Kada ya gangara gefe, in ya bushe a can yana hana tashi. In ba za ki yi aisin ba, ki barbaɗa ɗan sukari a kai yanzu.

Ki sa a tsakiyar oben. Minti 12 na farko kada ki buɗe ƙofa ko sau ɗaya, lokacin tashi ne. Bayan nan in obenki na cin gefe ɗaya, ki juya tiren da sauri. Gaba ɗaya minti 18 zuwa 22 suke ɗauka, ƙanana zagayayyu kuma 13 zuwa 15. Alamar nuna ita ce sama ya yi ruwan zuma, gefe ya tsattsage ya bushe, in kin ɗaga ɗaya ƙasansa ya yi ja, kuma ba shi da nauyi a hannu. In kina shakka ki soka tsinke a mafi kaurin wurin. Oben na gas da wutarsa ke ƙasa yakan ƙona gindi kafin sama ya yi launi. Maganinsa ki ɗora tiren a kan wani tiren, ko ki matsar da shi hawa na sama.

In babu oben, hanya biyu gare ki. Ta farko ita ce wadda aka saba gasa kek da ita: babbar tukunya mai kauri, a zuba yashi mai tsabta ko gishiri a ƙasa, a ɗora 'yan duwatsu ko murfin gwangwani, a rufe ta yi zafi minti 15, sannan a ɗora farantin sikon a kai, a rufe, a zuba garwashi a kan murfin don saman ya samu wuta. Zai ɗan fi daɗewa, ki fara dubawa bayan minti 20. Ta biyu ita ce ta mutanen Sikotlan ta asali: kasko mai kauri ba mai, a barbaɗa masa ɗan gari, wuta ƙasa-ƙasa. A nan sai ki baza kwaɓin ya fi siriri, santimita 1 da rabi, kada ki shafa ƙwai, ki gasa kowane gefe minti 6 zuwa 8, sannan ki tsayar da su a kan gefunansu su ma su ɗan ji wuta. Ba zai tashi kamar na oben ba, amma yana da nasa daɗin, kuma bai san ɗaukewar wuta ba.

Aisin da ci

Ki bar su minti 5 a tire, sannan ki kwashe zuwa kan raga don tururi kada ya jiƙa ƙasansu. In kina son saman ya yi laushi, ki rufa musu tsabtataccen ƙyalle. Aisin kuwa sai sun huce, in ba haka ba zai narke ya ɓace. Ki tankaɗe sukarin aisin, ki zuba ruwan lemo babban cokali 1 da rabi, ki dama, ki ƙara ɗigo-ɗigo har ya riƙa zuba daga cokali a hankali. Ki yaryaɗa a kai, ki ba shi minti 15 ya kama. A ganina rabin wannan adadin ma ya isa, tunda kiranberin da sukarinsa ya zo, kuma yawancinmu shayinmu ba ya rasa sukari da madara. Yara dai ba za su yarda da ni ba.

A kudu maso yammacin Ingila akwai tsohuwar gardama kan yadda ake cin sikon. Mutanen Devon kirim suke fara shafawa sannan jam, na Cornwall kuma jam tukuna sannan kirim, kowa na ganin ɗan'uwansa bai iya ba. Wannan namu bai shiga rigimar ba, domin kayan daɗinsa na cikinsa. A ɓare shi da ɗuminsa, a shafa 'yar bota ko a ci haka, da shayi mai citta ko baƙin shayi. Yana kyau a farantin buɗa-baki, yana kuma kyau a kai wa baƙi da Sallah a gefen cincin da dubulan.

Ranar da aka gasa shi ya fi daɗi, ba kamar cincin ba ne da zai yi makonni. A mazubi mai murfi yana kai kwana 2. Firji na busar da shi, kada ki sa gasasshe a ciki. In ya kwana, ki ɗumama shi minti 5 a oben mai matsakaicin zafi, ko a kasko da murfi a ƙaramar wuta, zai dawo kusan sabo. In kuma ba a yawan ɗauke muku wutar lantarki, ki yanka ɗanye ki jera a tire ya daskare a firiza, ki juye a leda ki ƙulle, zai yi wata 2 lafiya. Duk safiyar da kike so sai ki ɗebi adadin da za a ci, ki shafa musu madara a sama, ki sa su oben mai zafi a daskarensu ba tare da kin jira sun saki ba, ki ƙara minti 3 zuwa 5 a kan lokacin gashi.